Shekarar da Agali Ya Kwance Rawani

Bana ruwa ya ɗauke mana, hatsi yana tsakiyar fitar da kai. Abin da na ɗaure a gonar jigawa, in na faɗa sai a ce ina yi wa Allah butulci, don haka bari in ce alhamdu lillahi in ja bakina. Tun ba a gama roron wake ba samarin garinmu suka fara ɗinke jakunkuna. Ran kasuwar Gidan Amumune na zauna a rumfar mai shayi ina kallon 'yan kabu-kabu suna kwasar su bibbiyu zuwa Mayahi, kowane da waya manne a kunne. Wannan ya ce an rufe iyakar kaza, wancan ya ce ai jiya aka buɗe ta, wani kuma ya kunna muryar mutumin da ba wanda ya san shi, yana rantsuwa cewa masu bindiga sun tare hanyar kaza. Ɗana Hamisu na cikinsu. Ya zo ya tsuguna yana tambayata ta ina zai bi, sai ka ce ni na shimfiɗa hanyoyin. Na ce masa hanyar yanzu ban san ta ba, amma ya duba da kyau wa zai bi. Yana tashi kawuna Nomau ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa, da wata kaka da ta wuce shekara ashirin da ɗoriya.

Ita ma waccan tafiyar yunwa ce ta kore mu. Kakar da ta gabace ta rumbunan gidanmu ko rabi ba su yi ba, sai muka tafi ci-rani Kodibuwa. Da damina ta zo ba mu koma ba, muka bar wa ƙanne gonaki, mu muna aiko musu da abin sayen masara. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, a wani gari kusa da Buwake.

Kawu Nomau wan mahaifiyata ne, gajere, mai faɗin ƙirji, ba ya ba ka amsa sai ya gama taunar goron da ke bakinsa. Tun ban san hagu da dama ba yake zuwa ƙasar yana kasa albasa a bakin kasuwa, kuma Julanci, yaren kasuwar can, a bakinsa kamar can aka yanke masa cibiya. Ni, Lawali, ina turin amalanke. Rabe, ɗan maƙwabcinmu, yana tallar ruwan sanyi, kuma shi ne mutumin da in ka ba shi ajiyar tuwo to ka yi ban kwana da tuwon. Na huɗunmu Agali ne, Buzu daga wajen Attantane, dogo siriri, yana gadin wani shagon siminti da takobinsa. Shi ke auren Hadiza, 'yar farin Kawu.

Suruki da suruki a ɗaki ɗaya, abin da ya sa ma ya yiwu shi ne Agali aikin dare yake, Kawu na rana. In tsautsayi ya haɗa su, Agali zai ja amawalin rawaninsa sama har sai idanu kaɗai suka rage. Ba ya cin abinci inda Kawu zai ji motsin bakinsa. Ba ya yi masa magana kai tsaye, sai dai ya ce da ni, "Ka gaya ma Baba," alhali Baban yana zaune taku biyu. Shi ma Kawu da tasa kunyar. Hadiza 'yar fari ce, bai taɓa kama sunanta ba, balle na mijinta. A bakinsa Agali shi ne "mijin yarinyar ga". Ni kuwa Hadiza taubashiyata ce, don haka ina da hurumin tsokanar mijinta yadda na ga dama. Nakan ce masa wataƙila ma ba shi da baki, ta kunne yake shan shayi. Tun da ya aure ta ban taɓa ganin abin da ke ƙasan idonsa ba.

Wata asuba muka farka da ƙarar da muka ɗauka tsawa ce. Da gari ya waye aka ce sojoji sun rabu biyu, ƙasar ma ta rabu, garin da muke kuma ya faɗo daidai kan tsagar. Kasuwa ta mutu. Famfo ya ɗauke. Muka kulle kanmu a ɗaki, sama kuwa tana ta tsiyaya. Ruwan kurmi ba irin namu ba ne da za ka hango hadari daga gabas, iska ta taso, ya zuba ya wuce, ka fita kana shaƙar ƙamshin ƙasa. Can zuba yake ba ji ba gani, kuma ba ya kawo sanyi, sai wani zafi mai danƙo da ke manne maka riga a baya. Tabarma ta yi funfuna, ashana ta ƙi kamawa, sauro ya samu gayya. Muka cinye garin rogon da muke da shi, muka koma kan albasar Kawu. A gasa ta, a dafa ta da gishiri, a ci ta ɗanya. Har yau in ana soya albasa a gidana tashi nake in koma zaure.

Duk wani baƙo a garin tasha ya nufa, ana rububin hawa kamyo, manyan motocin kaya. Rabe ya ɗaure kayansa tun kafin a ce masa. Kawu ya fita da safe ya zaga, ya dawo ya zauna, ya gama taunar goronsa, sannan ya ce, "Ba mu bin kwalta."

Muka dube shi.

"Kowace kwana shinge ne. Waɗanga in sunka ga baƙo ɗan arewa, ɗan tawaye ne. Waɗancan in sunka ga ƙato kamar Rabe, sun samu soja. Ko ta ina mu ne nama."

"To Kawu, hiffike za mu yi mu tashi sama?" in ji Rabe.

"Noma za mu yi."

Ya ɗauki rediyonsa da ragowar albasa ya fita, ya musanyo su da garma huɗu da lauje. Ya jera su a tsakar ɗaki. "Kaka ta yi," ya ce. "Maza sun gudu, wasu sun ɗauki bindiga, doya na ruɓewa cikin ƙasa. Gona-gona za mu bi mu yi arewa. Mutum da garma a kahwaɗa ba mai ce mishi ina za ka. Duk wanda ya tambaya, ni uba ne, ku ɗiyana ne, ƙwadago muke nema. Ba mu san wa ke da gaskiya ba, ba mu san sunan shugaban kowa ba. Hanyar lahiya a bi ta da shekara."

Sai ya juya ya fuskanci bango. Haka yake yi in zai yi maganar da ta shafi surukinsa.

"Lawali, ka gaya ma mijin yarinyar ga, takobi da rawani nan za su tsaya. Garin ga yanzu, mai rawani har ido sojan haya ne daga hamada."

Agali yana tsugune a bakin ƙofa. Ya ce, "Ka gaya ma Baba, takobi na bar shi. Rawani kuwa, in mutuwa ce ta iske ni da shi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Yunwa na cin mu, harsashi na wucewa ta kan kwano, shi kuma yana maganar ƙyalle. Amma ko a lokacin na san ba ƙyalle ba ne. Daidai yake da a ce wa mutum ya tuɓe wando a tsakar kasuwa, gaban uban matarsa. Na zaci Kawu zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya gyara zama ya ce, "To mun zauna. Gaban matarshi na ɗauko shi, ba ni komawa in ce mata na baro shi." Muka ci gaba da cin albasa.

Bayan 'yan kwanaki labari ya zo cewa wani mai gadi, shi ma mai rawani, abokin shan shayin Agali, an jefa shi mota daga bakin shagon da yake tsaro. Takalminsa kaɗai aka tsinta. Kawu ya sake fuskantar bango.

"Ka ce mishi ni ne gaba, shi ne baya. Na yi mishi alkawari, daga nan har ƙasarmu ba ni waiwayawa, ba ni ganin huskarshi."

Agali ya tashi ya zaga bayan ɗaki. Da ya dawo, rawanin yana naɗe a hannunsa ɗaya, ɗaya hannun yana rufe da bakinsa. Wajen idanunsa baƙi ne wuluk, amma daga karan hanci zuwa haɓa fatar fara ce sol, kamar cikin sabuwar ƙwarya. Duk tsokanar da na shekara ina tanadi don wannan rana sai na haɗiye ta. Na karɓi rawanin na miƙa wa Kawu. Ya ɗaga rigarsa ya naɗe shi a cikinsa, ya ce a gaya wa mutumin ya riƙa zama cikin rana duk sanda ta fito, fuskar ta yi duhu. Rabe ya ba shi wata tsohuwar riga mai gajeren hannu. Takobin muka bar wa mai gidan da muke haya.

Muka fita da hantsi ta bayan gari, a jere: Kawu, Rabe, ni, Agali. Ciyawa ta fi tsawon mutum, laka ja tana cire mana takalmi. Ƙauyen farko da muka shiga tsofaffi ne da mata. Kawu ya tsuguna gaban wani tsoho ya yi gaisuwa mai tsawo da Julanci, kafin azahar muna cikin gonar doya.

Mu fa 'yan jigawa ne. Da hauyarmu mai doguwar ƙota muka saba, muna noma a tsaye, ƙasa tana buɗewa ba gardama. Nan kuwa sai ka duƙa ka fasa tulin doya mai nauyi da garma, ka sa hannu ka lalubo ta a hankali kada ta karye. Kwana biyun farko in na miƙe sai na dafa gwiwa kamar tsohuwa. Tafin hannu ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi, har ya zama kanta. Daga doya muka koma karyar masara, daga nan yankan shinkafa a fadama, ruwa har ƙwauri, matsattsaku suna shan rabonsu. Kawu ya hana mu karɓar kuɗi. Ya ce kuɗi a aljihun baƙo lokacin yaƙi kiran mutuwa ne. Ladanmu abinci, wurin kwana, da sunan wani ɗan'uwan mai gonar a ƙauye na gaba ta arewa. Haka aka riƙa miƙa mu hannu zuwa hannu, kuma duk inda muka isa mun riga mun zama mutanen wane.

Yanzu yaro kafin ya ɗaga ƙafa ya ji labarin hanya daga bakin mutum goma a waya, kowa da nasa. Kawu nasa labarin a wajen mata yake samu. In mun doshi ƙauye sai ya tsaya daga nesa ya duba ko hayaƙin girki na tashi, ko ana jin daka. In shiru ne, mu kewaye ta daji. In ya ga mata da kwanoni a ka sun nufi kasuwa, mu bi sawunsu. Yakan ce mace mai goyo ba ta bin hanyar da aka yi harbi jiya. In wani a gona ya soma zagin wannan ɓangare ko wancan yana neman mu tanka, Kawu sai ya tambaye shi irin doyar nan wata nawa take yi a ƙasa. Kuma duk wannan tafiya bai waiwaya ba. A gona shi ke ɗaukar kunyar gaba. In zai yi salla shi ne liman. In za mu kwanta, fuskarsa na bango.

Matsalar da ba wanda ya hango ita ce ta kwano. Mutanen can in sun kawo wa 'yan ƙwadago abinci, babban kwano ɗaya ne a bakin gona, kowa ya sa hannu. Agali ba zai sa hannu a kwanon da surukinsa ke ci ba. Sai ya ce cikinsa na ciwo, ko ya tafi neman ruwa. Nakan ɓoye masa ɗan guntun doya, amma ga Rabe a gefe ga yunwa, abin da ke raguwa bai taka kara ya karya ba. Mutum dogo mai duƙe wuni guda, ya fara layi in ya miƙe. Na rasa yadda zan gaya wa Kawu, don faɗin ma wata kunyar ce.

Ashe ya ji. Bai gani ba, amma ya ji garmar da ke bayansa ta rage sara. Wata rana an ajiye kwano, sai ya wanke hannu ya ce, "Ni hwa daga yau na ɗauki azumin tsohwahhi. Watanshi ne. Ku ci abinku." Ya ɗauki laujensa ya tafi can ƙarshen gona ya zauna, ya ba mu baya.

Ni na san Kawu. Mutum ne mai gyambon ciki, wanda in hantsi ya yi bai sa wani abu a baki ba sai ka ga yana dafe ƙirji. Ban taɓa ganin ya yi azumin nafila ba, goro ma ba ya barin sa. Amma daga ranar bai sake cin komai da rana ba. Yana duƙe tare da mu cikin zafin nan, gumi na ɗiga daga gemunsa, leɓensa ya bushe ya tsage. In rana ta faɗi sai in ɗebar masa nasa a ganyen ayaba, ya koma bayan itace ya sha ruwa shi kaɗai. Agali ya soma ci, ƙarfinsa ya dawo. Kawu kuwa kullum sai ya ƙara ɗaure rawanin nan a cikinsa, don cikin yana komawa ciki. Wata rana na ce masa, "Kawu, matahiyi ko na farilla an ɗauke mishi, balle wanga." Ya ce, "Kai malami ne? Kama aikinka." Na kama aikina, amma a ranar na san ba zan taɓa kai shi ba, ko da na yi shekarunsa biyu.

Agali ma ya gane. Ban san ta yaya ba, sai na ga kullum in ya gama kunyarsa yakan faɗa ta Kawu ta can baya, ya rage masa ita.

Muna ta yin arewa har muka iso wani kogi da ya cika ya batse. Mai gonar da muke wa aiki ya ce babu kwalekwale, babu mashigi, sai gada, kuma a kan gadar akwai shinge. Kawu ya sa muka jira ranar kasuwar ƙetare. Da safe ya samu wata tsohuwa mai kai doya, muka ɗaukar mata kayanta a ka, garma a kafaɗa, muka shiga cikin ayarin mata.

Samari ne a shingen, wani da takalmin soja wani da silifa, layu har wuya, idanu jajur. Mata suka wuce. Mu suka ce mu sauke kaya. Suka duba kafaɗunmu ko akwai shatin igiyar bindiga, suka duba hannuwa. Suka tura Kawu gaba, suka tura Rabe, suka tura ni. Da suka zo kan Agali sai suka tsaya. Rana ta yi aikinta a fuskarsa, amma ba ta gama ba. Layin da rawani ya bari a karan hancinsa yana nan. Ga tsawo, ga hannun nan nasa da ba ya rabuwa da baki. Babbansu ya ce wannan ɗan hamada ne, irin waɗanda ake hayowa. Suka durƙusar da shi, ɗaya ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya.

Kawu yana gaba kaɗan, bayansa gare mu. Daga nan inda yake ya soma magana da Julanci, muryarsa a kwance. Ya ce ɗansa ne, uwarsa ce doguwa, manomi ne, tun safe bai ɗauki komai ba sai doya.

Babban ya yi dariya. Julancina ba shi da yawa, amma na ji abin da ya ce sarai. "Ɗanka? An sa masa bindiga a ƙeya kana kallon kogi. Wane irin uba ne wannan?"

Na ga wuyan Kawu ya ƙage. Na san alkawarin da ke tsakaninsu, kuma na san Kawu bai taɓa saɓa magana ba. Ruwan kogin yana ta wucewa ta ƙarƙashinmu da ƙara. Sai ya juya.

Ya tako har gaban Agali ya durƙusa. Ya cire masa hannun daga baki. Ya tallabo haɓarsa da hannu biyu ya ɗaga fuskar, ya dube ta sosai, ba ƙiftawa. Agali ya runtse ido, hawaye na bin kumatunsa. Kawu ya sa hannun riga ya share masa, ya ce da Hausa, da ƙarfi yadda uba ke yi wa ɗansa tsawa, "Agali! Kai Agali, buɗe ido ka dubi ubanka, sakarai." Ranar na fara jin sunan nan a bakinsa. Agali ya buɗe ido. Kawu ya kamo tafukan hannunsa ya buɗe su gaban samarin, duk kanta da tsaga, ya jera nasa kusa da su. Ya ce su duba, garma ɗaya ce ta ci su.

Daga can ƙarshen gada tsohuwar nan mai doya ta soma ɗaga murya, wai an tsare mata 'yan dako kasuwa za ta watse. Babban ya dube ta, ya dubi Kawu, ya shuri garmar Agali ya ce mu ɓace masa da gani.

Muka kai wa tsohuwa doyarta, muka wuce. Kawu ya koma gaba, Agali ya koma baya. Ina jin numfashin Agali a bayana yana sarƙewa, kuma na san ba tsoron bindiga ba ne. Sai da muka yi nisa Kawu ya yi gyaran murya, bai juyo ba.

"Lawali."

"Na'am, Kawu."

"Ranar ga ta kashe mini ido. Kan gadar can ban ga komi ba, sai duhu-duhu."

Ranar kuwa hadari ne ya rufe sama tun safe, ko inuwar mutum babu. Na ce, "Haka ne Kawu, ni ma ta dame ni."

Daga ƙetaren kogin ruwa ya soma ja da baya. Ciyawa ta rage tsawo, laka ta koma ƙasa mai tsakuwa, muka fara ganin kaɗanya da kuka. Ranar da muka ci karo da gonar hatsi ta farko, Rabe ya karyi zangarniya ya murje ya watsa a baki, yana tauna yana kuka, mu muna yi masa dariya idanunmu cike da ƙwalla. A gonakin auduga watan azumi ya same mu. Muka ɗauka gaba ɗaya, muna cira tun sanyin safiya, ƙaya na tsaga mana yatsu, masu gonar da ba sa salla suna ajiye mana abincinmu har rana ta faɗi. Mu muna jin jiki, Kawu kuwa da ya riga mu da nisa sai ya ce ai yanzu ya samu abokan tafiya. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito.

Da muka taka ƙasar Burkina, kafin mu nemi motar garin Bobo, Kawu ya tsaya a gindin wata tsamiya ya ɗaga riga. Ya warware rawanin daga cikinsa, ya miƙo shi ta baya. Ya yi dauɗa, ya sha gumin tsoho har ya canja launi. Na ce wa Agali ya bari mu sami ruwa a wanke. Ya girgiza kai, ya naɗa shi haka nan, ya ja amawali har ido. Sai da na ce ya gama sannan Kawu ya juyo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga awaki da yamma, ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Ana saura kaɗan salla muka shiga gida. Tuni an yi mana zaman makoki a zuci, don waɗanda suka biyo kwalta wasu sun iso da labari marar daɗi, wasu ba su iso ba har yau. Hadiza ta ga mijinta yadda ya tafi, da rawaninsa har ido. Ba wanda ya gaya mata komai. Rabe da bakinsa ba ya riƙe ruwa, ko shi bai taɓa ba da labarin gadar ba. Suruki da suruki suka koma yadda suke: "Ka gaya ma Baba," "Ka gaya ma mijin yarinyar ga." Shekaru suka yi ta turawa a haka, Agali yana zuwa daga Attantane duk damina ya yi wa Kawu noma, ya ci abincinsa a bayan zaure.

Da bazara ne ciwon ajali ya kwantar da Kawu. Zafi ya yi zafi, ana jiƙa zane ana rufa masa. Agali ya zo ya zauna a inuwar bango, bakin ƙofar ɗakin daga waje, wuni bayan wuni, bai shiga ba. Wata azahar ina zaune ina yi wa Kawu fifita, ga kofin kunu a gefe ya huce, don ya kwana biyu yana ƙin komai. Ya buɗe ido ya ce, "Wa ke tari nan waje?"

Na ce, "Mijin Hadiza ne."

"Ce mishi shi shigo."

Agali ya shigo ya tsuguna daga bakin ƙofa, amawali har ido, kansa a ƙasa. Na jira Kawu ya juya bango. Bai juya ba. Kuma bai ce in gaya wa kowa komai ba.

"Matso," ya ce masa.

Ya matso.

"Ranar gada na ce ban ga komi ba." Ya tsaya ya huta, ƙirjinsa na hawa da sauka. "Ba haka ba ne. Na gani. Tun ran nan nike son in tambaye ka, kunya ta hana ni. Ashe wushiryar ga ta jikokina, wajenka sunka samo ta? Ni ina ta zargin dangin tsohuwata."

Kafaɗun Agali suka soma rawa. Ban iya gane dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba. Sai ya ɗaga hannu ya ja amawalin ƙasa har ƙarƙashin haɓa. Ya ɗauki kofin kunun ya kurɓa a gaban surukinsa, sannan ya tallabo kansa ya kai masa baki.

Kawu ya dube shi, ya buɗe baki ya sha.